Ɗanyun Tukwanen da Gwaggo Ta Bari

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Ran Talata aka kira Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina shekara huɗu. Ta yi sallar azahar, ta jingina da ginshiƙin rumfar da take ginin tukwane, ta ce wa maƙwabciyarta ta miƙo mata ruwa. Kafin a kawo moɗa ta cika. Ina cikin aji a Yamai aka kira ni a waya, kuma duk saurin da na yi ban sami jana'iza ba. Sai Laraba da hantsi motar Filinge ta sauke ni.

Na shiga gida ina kuka, aka rungume ni, aka yi ta ba ni haƙuri. Da na share ido na zauna, sai na ji ashe musu ake yi a tsakar gida. Ba musun gado ba ne, musun randunan da Gwaggo ta gina musu ne.

Mai furar bakin tasha tana cewa, "Tawa ta hi ta kowa daɗewa. Shekara goma sha tara, ko tsaga babu!"

Matar liman ta ce, "Ke dai hwaɗi daɗewa. In sanyi na, a zo gidanmu a sha. Malan ba shi shan ruwan kowace randa sai wagga."

Wata Bazabarma da ta taso tun daga Bonkuku ta kama hannuna ta ce, "Kala suru," wato sai haƙuri. Sannan ta ci gaba da Hausarta mai gargada, ta ce tukunyar da aka dafa mata ruwan wankan jego ginin Gwaggo ce, kuma da ita ɗin aka dafa wa ɗiyarta bara.

A zaure ma haka. Ina jiyo wani direba yana ba maza labarin ranar da ya ɗaure akuya a kan tulunan Gwaggo a saman mota, ita Gwaggon ta sa shi ya sauke kaya kaf a tsakiyar tasha. Ya ce, "Tac ce mani, akuya na da ƙahwa huɗu, ta sauka ta taka. Tuluna ba shi da ko guda!" Maza suka kwashe da dariya, sannan suka tuna inda suke, aka shiga cewa Allah ya jiƙan ta.

Ban taɓa ganin zaman makokin da ake share hawaye ana dariya irin wannan ba. Na ɗauki alƙalami don kada a manta da ita, na kuma ɗauka don in tona kaina, domin saura ƙiris in hallaka aikinta na ƙarshe da bakina. Gwaggo ta bar ɗanyun tukwane ashirin da uku a ɗakin ajiyarta, ba a gasa ba, damina kuwa tana bakin ƙofa. Ɗanyar tukunya ƙasa ce kawai, ruwa na taɓa ta za ta koma laka, kuma rufin ɗakin nan ya tsufa, ruwan farko ta cikinsa yake bi. Babu wanda ya san da su a cikinmu ƴan gida, don ba ta yarda kowa ya leƙa ɗakin in tukwane suna bushewa.

Ga yadda na yi ɓarnar. Ran Larabar nan itace ya ƙare, ga baƙi sai sauka suke. Matan da ke girki suka zo wurina, tun da ni ce ɗiyar gida. Na tuna akwai wani tari a bayan ɗakin Gwaggo, karan gero da ɓawon itace da kandilo, busasshen kashin shanu ke nan, an jera su har sun kusa kai tsayin danga. Na ce da isata, "Ku ɗebo can, mai su ta tahi." A raina na ɗauka ragowar kayan gashin tukwanen bana ne. Kwana biyu ana tuƙa tuwo da su, ni kuwa ina ta karɓar yabo cewa na iya riƙe gida.

Gwaggo gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, muryarta kuwa in ta kira ni daga rumfa, har masu awo a bakin kasuwa sun san na yi laifi. Uku ta haifa, ukun suka koma tun suna goye, shi ya sa mahaifina ya ba ta ni. Ban taɓa jin ta ce mini ɗiyar ƙanenta ba. Ɗiyata take cewa, ko tana zagina.

Yumɓunta daga wani tafki take haƙo shi, wanda yake ƙafewa da rani. Kafin ta sa a kwando sai ta gutsura ta ɗora a harshe, in bai yi mata ba ta tofar ta matsa gaba. In ta kawo gida ta jiƙa, sai ta daka tsingaro, ɓaraguzan tsofaffin tukwane, ta tankaɗe ta cuɗa a ciki. Saboda haka duk wadda tukunyarta ta fashe a unguwa ta san doka. "Kada ki yar, ki kawo mani gawar," haka take cewa. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce, "Sabon yumɓu yaro na, ba shi jimre wuta sai da tsoho cikinai."

Wurin aikinta ba wani abu ba ne, ɗan rami ne a ƙarƙashin rumfa da tsohuwar tabarma a shimfiɗe a kai. Ta ɗora curin yumɓu, ta yi ta bugunsa da wani dunƙulen gasasshiyar ƙasa tana juyawa, har ciki ya buɗe, tukunya ta taso. Wannan dum-dum ɗin shi ne agogon unguwarmu. In ta shafa jar ƙasa, sai ta goge da ƴaƴan kuka da ta shirya a zare, har ka ga jikin tulu yana ɗaukar ido.

Ina shekara goma sha biyu na gina tuluna na farko kuma na ƙarshe. Na kai mata ina ta murna. Ta juya shi, ta sake juyawa, ta ce, "Wanga ko kaza ba ta yarda ta sha ruwa cikinai. Tahi lakwal, ɗiyata, alli ya hi dacewa da hannunki." Na yi kwana uku ba na cin tuwonta sai a ɓoye. Amma ita ce ta tsaya tsayin daka a kan lakwal ɗin, wato makarantar boko, har na gama karatu na zama malama, kuma ranar da na fara aiki ta zaga unguwa gida-gida tana faɗa, kamar ita aka ba takardar.

A kasuwar Lahadi wurinta sananne ne. Ba ta miƙa maka tukunya sai ta ƙwanƙwasa ta da zobenta a gaban kunnenka. In ka ɗauki tulu ta wuya, ta karɓe abinta, ta ce ka je ka koyi ɗauka tukuna. Da robobi da bido, wato jarkoki, suka cika kasuwa, abokan sana'arta da yawa suka bari, ita ko a jikinta. Na kawo mata labarin firijin da na saya, ta ce, "Sanyin ƙarya na. Haƙori shika kamawa, ƙishirwa na nan zaune." Da na ɗauki hoton kaskon turarenta a waya, malamai ƴan'uwana a Yamai suka yi ta aiko saƙo suna so. Na gaya mata ina rawar jiki, sai ta ce, "Su zo su taɓa. Wa ka sayen tukunya bai ƙwanƙwasa ba?" Da ƙyar ta yarda, kuma kowane kasko sai ta naɗe shi da ciyawa da hannunta, ta bi direba har mota da gargaɗi.

Abu ɗaya ne ba ta taɓa ba kowa ba, shi ne gashin tukwane. Mukan kwasar mata tukwane zuwa filin da ke bayan danga, daga nan ta kore mu. Ita ke jerawa, ita ke rufewa, ita ke sa wuta.

Ran Juma'a da safe, ana gama addu'ar uku, amalanken jaki ya tsaya a ƙofar gida, aka sauko da ƙawar Gwaggo, wadda nake ce wa Inna. Ita ma maginiya ce, daga wani ƙauye na cikin Kurfai, kuma har yau tana riƙe da al'adun kakanninta. Tun suna ƴanmata tafki ɗaya suke haƙa. Sun taɓa yin shekara bakwai ba sa ga maciji, kuma a kan tafkin ne. Al'adar magina ce a zuba ɗan fura a bakin rami kafin a ɗebi yumɓu, don masu wurin, wato iskoki. Wata shekara Gwaggo ta ce ita ta daina, bisimilla ta ishe ta. Aka yi rashin sa'a gashinta na wannan karon ya farfashe fiye da rabi. Ran kasuwa Inna ta zo ta tsaya a gaban ƴan tukwanen da suka tsira, ta ce a gaban jama'a, "Hura ludayi guda kinka yi wa rowa?" Gwaggo ta ɗauke kai. Daga ranar ko gaisuwa.

Abin da ya shirya su, ni ganau ce. Auren autar Inna ya taso, ita kuwa ta faɗi ta karye a hannu. Ɗiyar maginiya ta tare ba tukwanen uwarta, wannan abin faɗe ne har jikoki. Gwaggo ta ji labari a kasuwa. Ta dawo ta yi sati uku tana gini, amma na ga ba irin zanenta take yi ba. Nata layi uku ne a kafaɗar tulu, wannan kuwa ɗige-ɗige ne irin na Inna. Ta gasa, ta ɗora a amalanke, ta ce wa mai jakin ya sauke a bayan ɗakin Inna, kada ya faɗi wanda ya aiko. Aka yi biki ana ta yaba wa uwar amarya da ta yi wannan aiki kafin ta karye. Lahadin da ta biyo Inna ta zo da hannu a ɗaure, ta zauna a gefen tabarmar Gwaggo, ta ce, "Ɗigonki ya cika girma." Gwaggo ta ce, "Naki na, haka shike da muni." Shi ke nan, suka ci gaba daga inda suka tsaya.

To, wannan Innar ce ta shigo. Ta yi kukanta ta gama, ta fyace hanci, ta dube ni ta ce, "Ina tukwanen?"

Na ce, "Waɗanne tukwane, Inna?"

"Lahadin da taw wuce tac ce mani saura randa guda ta gina wa wuya, ta gasa kahin ruwa. An gasa?"

Ba ta jira amsa ba. Ta nufi ɗakin ajiya, ta kwance igiyar ƙofa, muka bi ta. Ga su nan a jere, tuluna da tukwanen miya da kasake, duk fari-fari da ƙura. A tsakiya ga wata randa da ta kai mini ƙugu, wuyanta bai gama canza launi ba. Maƙwabciya ta ce ai ran Talata da safe ta gan ta tana jan wuyan nan. Mata suka ɗauki salati. Inna ta shafa randar ta ce, "Ba komi, gobe a gasa. Ina kayan wutat ta?"

 Na ce a hankali, "An yi tuwo da su."

"Tuwo? Wa yab bada?"

"Ni."

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa. "Ke da kinka tashi gidanga? Wata biyat tana tara su ɗaya-ɗaya! Lakwal ta cinye maki hankali." Ta ja ni waje ta nuna mini saman wani dogon icce. Shamuwa ce guda biyu suna gyaran sheƙa. "Kin gan su? Ruwa ba shi ƙara kwana uku."

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, don haka ni na je na durƙusa a bakin zaure wurin mahaifina. Baba tsohon ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai son komai a kan tsari. Na ce, "Baba, muna so mu gasa tukwanen Gwaggo gobe."

Ya ce, "Gobe? Kwana huɗu da rasuwa ku tada hayaƙi, gari shi ce biki muka yi? A bari a yi bakwai."

Inna ta ɗaga murya daga bayana. "Kai, ƙanen ƙawata, ruwa ya san bakwai?"

Liman ne ya raba gardama. Ya ce, "Alhaji, in an gasa an raba sadaka, duk wanda yas sha ruwa ciki ladar na isa gare ta. In ruwan sama ya narke su, wa yac ci riba?" Baba ya ja carbinsa, ya ce, "To. Amma ban da guɗa."

Wallahi abin da ya biyo baya ban san yadda zan kwatanta shi ba. Kafin a sauko daga masallacin Juma'a labari ya gama unguwa cewa ana neman kayan wutar Gwaggo. Zaman makoki ya watse, kowa ya bazama. Mai fura ta zare karan dangarta ta ɗauko a ka. Matar liman ta turo buhun ƙaiƙayi biyu. Direban nan na akuya ya tada motarsa ya nufi ruga, ya dawo da ita shaƙe da kandilo, yana ta busa oda tun daga nesa. Ni kuwa malama guda, da zanen makoki, na ɗauki kwano na tafi kasuwar shanu ina tsintar kashi, waɗanda muka yi aji ɗaya da su suna leƙe ta kan katanga suna tambayata ko darasin ke nan na yau. Ban kula su ba. Rabona da in ji ƙarfi a jikina haka tun ina yarinya.

Inna ta zauna a bakin fili a kan turmi, duk abin da aka kawo sai ya bi ta hannunta. Ta karya kandilo ta shinshina, in da danshi ta wurgar. "Wanga jiya saniya tay yi shi, mayas shi inda kinka ɗauko!" Ba wadda ta ji haushi, dariya ake a koma a sake nemowa. Kafin magariba tari ya tashi, har ya fi wanda na ƙone.

Asabar da sassafe muka fito da tukwane rana. Randar ce ke damun Inna, don kwana huɗu kacal ke ga wuyanta, kuma in da sauran danshi a ciki wuta za ta tarwatsa ta. Ta sa muka riƙa kunna ciyawa kaɗan-kaɗan a cikinta muna juyawa, har jikinta ya yi zafin da ba a iya daɗe da hannu a kai. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu dai a ranar muka fafe namu.

Aka shimfiɗa kara da kandilo, aka kwantar da randa a tsakiya, aka kewaye ta da tuluna, ƙanana a gefe. Aka rufe da manyan tsingaro, aka ƙara kandilo, aka lulluɓe da ƙaiƙayi. Sai Inna ta tsaya, ta riƙe ƙugu, ta ce, "Nan ilimina yaƙ ƙare. Kowane yumɓu da wutatai. Shekara arba'in muna tare, ba ta taɓa bari na ga tata ba. Ke kin gani, ko daga nesa na. Ta ina taka kunnawa?"

Ido duk ya dawo kaina. Na ce ban sani ba, don kullum korarmu take. Ina faɗin haka sai wani abu ya faɗo mini. Duk ranar gashi Gwaggo kan dawo gida da jajayen idanu tana tari. Wata rana na ce mata me ya sa ba za ta tsaya ta inda iska ke fitowa ba, ta huta da hayaƙi? Ta ce mini, "Wuta in ta bi iska gudu taka yi. In ta hau iska, rarrahe taka yi. Tukunya rarrahe taka so."

Na ɗebi ƙasa na sake ta, iska ta ja ta yamma. Na ce, "Ta yamma, Inna. Cikin hayaƙi taka tsayawa."

Inna ta tafa hannu. "Ja'ira! Shi ya sa nata ba su hwashewa. Shekara arba'in!" Ta miƙo mini bakin wuta ta ce, "Ke kinka ƙone na hwarko, ke za ki kunna na biyu." Na ga ta juya gefe ta tsiyaya ɗan fura a ƙasa tana motsa baki, liman kuwa ya ga ya dace ya duba sama a lokacin. Ni na yi bisimilla da ƙarfi na cinna.

Hayaƙi ya turnuƙe ni, hawaye na zuba, ina tari, ina jin daɗi kamar in yi tsalle. Wuta ta shiga a hankali tana cin ƙaiƙayi. Mata sun yi da'ira, maza sun fito daga zaure sun tsaya nesa kaɗan, wai su ba kallo suka zo ba. Can sai muka ji tas! Kowa ya ɗauke numfashi. Inna ta ce, "Kasko na." Aka jima, wani tas ya sake tashi, ya fi na farko. "Tulu." Na kama hannunta na ce, "Inna, ba randar ba?" Ta ce, "Randa in ta hwashe ba a tambaya." Da na uku ya tashi mai fura ta zauna daɓas a ƙasa tana kiran sunan Allah. Daga shi ba mu sake jin komai ba sai rurin wuta.

Bayan azahar wuta ta lafa, tari ya zama toka. Inna ta ce a bar su su huce har yamma. Ba ta rufe baki ba wani ya ce a dubi gabas. Hadari ne ya haɗo baƙi ƙirin, iska ta juya ta fara sanyi. Ruwa a kan tukunya mai zafi daidai yake da a sa mata taɓarya. Inna ta miƙe, tsohuwar da sai an riƙe ta take hawa amalanke, ta daka tsawa, "Sanduna! Buhuna! Ku kwashe!"

Aka shiga ture toka da dogayen sanduna. Tulun farko ya fito ja wur, da baƙin tabon wuta a gefe, lafiyarsa lau. Mai fura ta manta da dokar Baba ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa. Na saci kallon Baba, na ga ya duƙufa neman sanda, bai ji komai ba. Ana zura sanda ta bakin tulu, mutum biyu su ɗauka su ruga ɗakin kwanan Gwaggo, wanda yake na laka ne mai rufin kirki. Liman da tukunyar miya a cikin buhu, direba da biyu, Bazabarmar Bonkuku tana ba da umarni da Zabarmanci, kowa kuma yana ganewa.

Randa ce ta rage. Ta fi ƙarfin sanda, buhuna sun ƙare, ga ɗigon farko ya fara sauka a kan toka yana cuu. Maza huɗu suka kewaye ta suna taɓawa suna janye hannu. Sai ga Baba ya tuɓe babbar rigarsa, ta shadda, wadda yake karɓar gaisuwa da ita, ya lulluɓa wa randar yayarsa, ya kama gindi ya ce, "Ku ɗauka mana!" Suka ɗauka. Suna sa ƙafa a ɗaki ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Ashirin suka fito, uku suka tafi. Inna ta cire zobenta ta ƙwanƙwasa randar, ta amsa da ƙara mai tsawo, ba gargada. Ɗaki ya kaure da hamdala. Ran addu'ar bakwai aka raba su sadaka, randar kuwa tana ƙofar masallacin unguwa, matan gidajen kusa suna cika ta bi da bi. Allah ya kai ladar gare ta, ya yafe mata kurakuranta, ya yalwata mata makwanci, mu kuma ya kyautata namu zuwan.

A ranar gashin, da mutane suka watse suka bar mu ni da Inna a ɗakin, ruwa na ta zuba a waje, na ɗauki tsumma na zura hannu cikin randar don in share toka. A ƙarƙashin wuya, ta ciki, na ji wasu ƴan ramuka a jere. Na ce, "Inna, nan ta lotsa."

Ta zura hannu ta laluba. Sannan ta ce, "Ba lotsawa ba ta. Nan taka tokarewa da hannun hagu in tana jan wuya. Da la'asar taka shahe shi da ƙyalle. Wagga ba ta kai la'asar ba."

Na mayar da hannuna. Yatsu huɗu ne, na ukun ya karkace, wanda taɓarya ta taɓa murƙushe mata tun tana budurwa. Na sa nawa a cikin nata, ɗaya bayan ɗaya, suka zauna. Randar ba ta gama hucewa ba, wurin da sauran ɗumi kamar tafin mutum. Kewarta ta taso mini gaba ɗaya, na kifa goshi a bakin randar ina kuka. Na ji an ɗaga labule, na ji Inna ta ce, "Bar ta."

Ban cire hannuna ba sai da randar ta huce.